Idanu a Kan Ɗaurin Sha'ir

Na fara aiki a gonar Noelene Pascoe da ke Gippsland, a ƙasar Ostareliya, bisa sharaɗi guda: watan gwaji ɗaya, kuma idan madarar shanunta ta ragu a hannuna, in nemi wani wurin. Ciyawa ta ƙone a lokacin, don haka abin da ya rage wa shanu ɗari biyu shi ne ɗanyen sha'ir da aka yanka, aka naɗe ɗauri-ɗauri cikin farar leda ya tsima. An jera ɗaurin, guda arba'in, a gefen hanyar da shanun ke bi zuwa wurin cin abinci.

Fararen aku suka fara sauka suna huda ledar, kuma da zarar iska ta shiga, abin da ke ciki ya ruɓe. Na duba takarduna na makarantar da na yi difloma, na ga ana zana ido a jikin leda domin tsuntsu ya tsorata. Da yake ba na son kuskure, na zana wa kowane ɗauri ido biyu, kowanne faɗin faranti, har da gira.

Akun suka ƙaurace. Washegari da safe bayan tatsa, Beryl, tsohuwar saniyar da garken ke bi, ta iso hanyar ta ga idanu tamanin suna kallonta. Ta ƙame. Sauran suka ƙame a bayanta. Na tura ta, na lallashe ta, na ci sha'ir ɗin a gabanta domin ta ga ba komai. Ba ta ɗaga ƙafa ba. Kwana biyu ana haka, madara ta fara ja da baya.

Noelene ta zo da kofin shayinta, ta daɗe tana duban aikina.

"Mai difloma, su waye waɗannan?"

"Ranki ya daɗe, maganin tsuntsaye ne. Yana cikin darasi na bakwai."

"To, darasi na nawa ya ce ka yi musu gira? Wancan na ƙarshe sak surukata. Ni ma gara in kwana da yunwa da in bi ta gabanta."

"Idan na goge, akun za su dawo."

"Ɗan nan, aku ta sama yake zuwa. Beryl kuwa ban taɓa ganin ta tashi sama ba."

Na yini a kan tsani. Na zana sababbin idanu a saman ɗaurin, na gefen hanya kuma na rufe su da farin fenti, na ja layi ɗaya-ɗaya kamar masu barci.

Da yamma Beryl ta zo, ta duba, ta wuce a hankali kamar mai gudun tashin jariri. Garken ya bi ta. Kafin Juma'a madara ta dawo daidai.

Noelene ta ce in ci gaba da aiki, amma daga yau makullin ɗakin fenti a aljihunta zai kwana.