Ruwan Rijiyar Kusa

Katangar ta sake tsagewa, karo na huɗu, daga gindin taga har ƙasa. Mounkaila ya sa yatsa cikin tsagar, siminti ya zubo masa a tafin hannu kamar garin rogo. Ya kai harshe ya lasa. Gishiri ne, yadda ya zata.

Shi mutumin Tawa ne, jikan masu haƙar rijiya, ya san ruwa da harshe tun kafin ya iya riƙe cokalin gini. Shekarun nan ne da Libiya ta buɗe wa baƙar fata ƙofa, ko'ina ka duba a Sabha allo ne da taswirar Afirka, wai duk uwa ɗaya uba ɗaya. To, a wurin ginin gidajen nan na unguwar Hajara dai, zumuncin bai sauko daga kan allo ba. Duk ranar da katanga ta tsage, sai Hamed ɗan kwangila ya kori magini, ya tura mota Jadid inda masu neman aiki ke tsayuwa, a ɗauko wani. Uku aka kora kafin Mounkaila. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Abin da ke cin ransa shi ne ɗakin da yake zaune a Manshiya na kamfani ne. Ranar da aka sallame shi, da shi da matarsa Rahamatou da 'yarsu Talatou sai bakin titi.

*

Ya tare Zuhair, injiniyan aikin, wanda ya tsinci Hausa a kasuwa. Ya durƙusa ya fara zane a kan yashi da bakin cokalinsa.

"Muhandis, duba nan. Aiki ya yi latti, sai mudir Hamed ya ce direban tankar ruwa ya yi sawu biyar maimakon uku. Rijiyar ruwan daɗi na da nisa, sai direba ya koma ta kusa, mai gishiri. Gishiri ya cinye siminti, katanga ta tsage, a rushe, a kori magini. Kafin sabo ya gane kan aiki, latti ya ƙaru. Sai mudir ya ce sawu shida."

Ya ja layin ƙarshe ya haɗe da na farko, zanen ya zama zobe.

"Ka gani? Gaugawar ce ke haifar da lattin. A bar direba ya yi sawu uku, wallahi katanga ba ta ƙara motsi."

Zuhair ya daɗe yana kallon zoben. A ofishinsa akwai takardar tsarin aiki da ta rufe rabin bango, layuka miƙaƙƙu daga tushe zuwa rufi, babu ko ɗaya da ya waiwayo baya.

"Kai kana da gaskiya," ya ce a hankali. "Amma direba ɗan ƙanwar Hamed ne. Gobe kwamiti zai zo daga sama. Kwamiti ba ya son zobe, ya Mounkaila. Sunan mai laifi yake so."

Mounkaila ya sa ƙafa ya share zoben. Da ma a ce mutumin bai gane ba ne, da ya fi sauƙi.

Washegari kwamiti ya zo, aka ba shi suna. An ba Mounkaila mako guda ya kwashe kayansa.

*

Rahamatou na ɗaure tukwane cikin zane lokacin da wanta Illia ya shigo da fara'a har kunne. Shi ma magini ne, wata biyu yana tsayuwa a Jadid ba wanda ya kalle shi.

"Allah ya yanke wahala! Wani Hamed ya ɗauke ni, har da ɗaki, in ji shi a nan Manshiya ne. Ku zauna tare da ni kawai."

Ɗakin kamfani ɗaya ne a Manshiya, wanda suke ciki. Illia ya fita yin alwala. Mounkaila ya miƙe zai bi shi.

"Sai na gaya masa zancen ruwan nan."

Rahamatou ta riƙe masa bakin riga, ba ta ɗago kai ba.

"Baban Talatou, don Allah ka yi shiru. In ya sani zai faɗa, irin halinku ɗaya. Katangar nan wata nawa take yi kafin ta tsage?"

"Biyu. In an yi sa'a, uku."

Ta saki rigar. Ta kwance ƙullin zanen, ta fara mayar da tukwanen inda suke.