Hayaniyar da Na Goge

Kwana uku ke nan Baba ba ya buɗe ƙofarsa sai in zai zaga banɗaki, yau kuwa tun safe ko wannan bai yi ba. Abincin da Yaya ta ajiye masa a bakin ƙofa ya huce, ƙudaje na yawo a kan murfin. Jiya da ta samu ta shiga share ɗakin, ta tarar da ƙwayoyin maganinsa a ƙarƙashin matashi, ko ɗaya bai sha ba. Da ta yi magana, abin da ya ce mata kawai shi ne, "Na gaji. Ku bar ni in bi uwarku."

Wata tara da rasuwar Umma. Tun lokacin ciwon damuwa ya kama shi, mutumin da a da in yana dariya sai maƙwabta sun leƙo. Likitar da muka kai shi wurinta ta rubuta magani, ta kuma haɗa masa da wani abu da na raina tun a ofishinta: kullum da safe ya zauna a kujera, ba a kwance ba, ya saurari kiɗan da shi ya zaɓa da kansa na minti ashirin. Na ce a raina, mu da muka zo neman lafiya za a haɗa mu da kaɗe-kaɗe? Amma abin ya yi aiki, kunya ta ishe ni. Baba ya zaƙulo wani tsohon kaset na busar sarewa, kullum yana sa shi a rikodarsa. Cikin mako shida ya koma aske gemu, yana shan magani ba sai an roƙe shi ba, har ya fara zagina a kan ƙarar babur ɗina. Sai ga shi kwatsam komai ya rushe.

Yaya ta kira likitar, ta sa wayar a sifika, muna tsaye a tsakar gida.

"Me ya canza a kwanakin nan?" likitar ta tambaya. "An yi baƙi? An yi masa wata magana?"

"Babu komai, likita," in ji Yaya. "Rikodar ce dai ta fara cin zare, sai ƙanena ya mayar masa da kiɗan cikin waya. Mai gyaran wayoyi ne."

"Har ma na inganta masa," na ce, don ni dai ba a taɓa sana'ata in yi shiru. "Kaset ɗin nan duk shara ne, shuu-shuu da ƙwanƙwasa da surutai. Na nemo masa ainihin kiɗan, fes, ko ƙura babu."

Sai likitar ta tambaye ni:

"Ka saurari kaset ɗin kafin ka canza shi?"

"Na duba shi a kwamfuta. Da ido ma ana ganin hayaniyar."

"Ba da ido na ce ba. Ranar da ya kawo shi nan ya gaya min a ɗakinsu ya ɗauke shi daga rediyo, shekaru da yawa da suka wuce, mahaifiyarku tana gefe tana ɗinki. Sarewar ce take kwantar masa da hankali har ya iya jin abin da ke bayanta. Ina kaset ɗin yake?"

Yaya ta juyo ta kafe ni da ido.

"Yana shago," na ce. Ban faɗi cewa a kwalin tarkace na wurga shi ba.

Likitar ta ce ko da kaset ko babu, dole a kawo mata shi yau, kuma kada a bar bakin ƙofar nan babu kowa. In bai buɗe da kansa ba zuwa ƙarfe huɗu, a cire ƙofar.

Yaya ta kashe wayar. "Sannu, Injiniya," ta ce. "Sannu da aiki. Garin neman gira ka tsokale mana ido. Ƙarfe huɗu mai walda zai cire ƙofar nan. Ka san halin Baba, in aka fito da shi ta ƙarfi a gaban mutane, ba zai sake kallon fuskarmu ba. Kuma wallahi in wani abu ya same shi kafin nan..."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tsaya ji ba. Biyu da kwata a lokacin.

Shagona ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin matattakalar wani bene, in na miƙe hannu ina taɓa bango biyu. Na zazzage kwalin a ƙasa: fasassun gilasan waya, cajoji, murafu, batura masu kumburi. Wata mata ta leƙo da wayarta tana cewa ba ta caji, na ce mata an rufe, ta ce ai ga ka a ciki, na daka mata tsawar da har yau nake neman ta in ba ta haƙuri. Can ƙasa na gano kaset ɗin. Zaren ya zubo waje ya nannaɗe da wata waya, kuma wani batir ya tsiyaye a kansa. Wurin da ruwan ya taɓa ya narke ya dunƙule kamar ledar da ta ji wuta.

Innalillahi! Na kwance ƙusoshin kaset ɗin biyar, ɗaya ya faɗi ya shige ƙarƙashin teburi, na bar shi can. Na warware zaren a hankali, ina gogewa da auduga. Wurin da ya narke ba shi da gyara. Na auna, ya kai kamu ɗaya. Na ɗauki reza na daɗe ina kallonsa, don ban san abin da ke kan wannan kamu ɗayan ba, kuma in na yanke ya tafi ke nan. Wayata ta yi ƙara.

"Na ji kamar an ja kujera a ciki," in ji Yaya. "Ina ta magana ba ya amsawa. Kana ina?"

Na sa reza na yanke zaren. Na haɗa bakin biyu da salatif ta baya, na sa biro na naɗe zaren. Rikodar Baba na nan a kan kantar shagon inda na yasar da ita. Robar da ke jan zaren ce ta yi datti, aikin minti biyar, aikin da tun farko da na yi shi da ba mu zo nan ba. Ban samu lokacin gwadawa ba, na rungume ta na hau babur.

Huɗu saura minti goma na shigo. Mai walda har ya iso, yana tsaye a bakin gida da guduma da kurfi, yana kawar da kai don kunya. Yaya na zaune a ƙasa, ta jingina da ƙofar Baba, idanunta sun kumbura. Na durƙusa na ajiye rikodar daidai ƙasan ƙofar, inda haske ke fitowa.

"Baba," na ce, "ni ne. Ni na ɓata, ba Yaya ba. Ga kaset ɗinka."

Na zura kaset ɗin a ciki. Na danna.

Shuu-shuu ɗin ya fara, sannan sarewar ta shigo a hankali. A karo na farko na saurara da kunne. Ƙwanƙwasar nan da na kira shara, keken ɗinkin Umma ne, yana gudu yana tsayawa. Ga ƙarar almakashi an ajiye a kan katako. Ga ta tana bin sarewar da hanci, ba ta ma kama daidai ba. Yaya ta toshe bakinta da mayafi. Ni kuwa hawaye na bar su suna zuba, ban ko share ba.

Daga cikin ɗakin babu motsi. Minti huɗu, minti biyar. Mai walda ya duba agogo.

Sai keken ya tsaya a cikin kaset ɗin, Umma ta ja numfashi ta ce, "Kai, Malam," sai ƙat! Kiɗan ya yi tsalle ya faɗa wani wuri daban, keken ya ci gaba da gudu. Daidai nan na yanke. Maganarta guda ɗaya da ta rage a duniya, ni na sa mata reza.

Na kashe rikodar. Ban iya kallon Yaya ba.

"Mayar da shi baya."

Muryar Baba ce, a dishe, kuma kusa, kamar yana zaune a ƙasa a bayan ƙofar tun ɗazu.

"Baba, wurin ya narke. Na yanke shi. Ba zai dawo ba."

"Na ce ka mayar."

Na mayar. Keken ya sake tsayawa. "Kai, Malam," in ji Umma. Kafin kiɗan ya yi tsalle, Baba ya ɗora daga bayan ƙofa, da irin karin muryarta sak:

"Rage wannan abin mana, yaran nan na barci, in suka tashi kai za ka goya su."

Muka ji an zare sakata. Ya tsaya dafe da ƙofar, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya dubi mai walda, ya dubi Yaya, sannan ya sauke ido a kaina ina durƙushe.

"Yanzu ni kaɗai na san yadda ta faɗe shi," ya ce. "Ɗauko min takalmina, mu je kafin likitar ta tashi daga aiki."