Gurbin Ɗan Fari

Tun da na bar makaranta a aji uku ban taɓa cika wata shida a wuri ɗaya ba. Na yi acaɓa, na yi gyaran waya, daga baya na faɗa shagon kwamfutar Oga Manasseh a Gangaren Tudu. A nan zama ya kama ni, saboda wani abu da na koya da kaina: rubuta 'yar manhajar da ke ɗaukar sunaye da lambobin da aka raba da waƙafi, ta jera su jadawali a shafin intanet.

Ina son kallon abin. Rubutu ya shigo a cakuɗe kamar ranar kasuwa, in danna, sai kowa ya sami ɗakinsa. Nakan ƙura wa allon ido har in ga kamar gari nake hange daga kan tsauni, kowace taga da mutum zaune yana jira.

Ran Laraba Sista Priskila, ma'aikaciyar jinya, ta kawo sunayen tsofaffin da wasu likitocin sa-kai za su cire wa yanar ido kyauta. Kowane layi da suna, shekaru, unguwa da ɗan rakiya. Likitocin suna Abuja, shafin kawai za su duba, kuma da la'asar za su rufe karɓa.

"Izzu, mutum sittin da uku ne," in ji ta. "Kar ka zubar mini da ko ɗaya."

Na danna. Jadawali ya fito tsaf. Sittin da biyu.

"Kwamfutarka ta haɗiye mutum," in ji Oga Manasseh. "Da ma ba ta karya ba yau."

Na bi layukan ɗaya-ɗaya har na same ta: Huraira, shekara saba'in da ɗaya, unguwar Liman Abaji, sai waƙafi, sai fili. Ni ne na umarci manhajar ta tsallake duk layin da bai cika ba, don likitocin ba sa karɓar wanda ba shi da ɗan rakiya.

"Sau uku na tambaye ta," in ji Sista. "Ta ce ɗanta zai kai ta. Na ce sunansa fa? Sai ta kau da kai. Na ɗauka tsufa ne."

Na ari babur na nufi Liman Abaji. Na tarar da Huraira ita kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube, idanunta fari fat kamar gajimare ya sauka a ciki.

"Sannu da gida, Iya. Wa zai raka ki wurin likita?"

"Wancan."

"Wancan wa?"

"Kai ɗan nan, a ina aka raine ka?"

Sai na gane. Ɗan farinta ne. Shekara hamsin sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Iya, kwamfuta ba ta san kunya ba."

"To koya mata."

Inuwar katanga ta kusa taɓa tabarmarta. Na tsuguna na ce, "Ki ci gaba da ɓararki. Ni zan yi ta kiran sunaye, ba sai kin ce komai ba."

Na kira Sulaiman, ɓawo ya fashe. Na kira Husaini, wani ya fashe. Na kira Yakubu, na kira Ilyasu. Da na ce Abdulrahman, sai yatsunta suka tsaya. Kurciya na kuka a kan mangwaro.

"Gyaɗar nan tauri gare ta," in ji ta.

Na cike gurbin a wayata, na sake danna manhajar. Sittin da uku. Ladan yana gyaran murya don kiran la'asar lokacin da layinta ya hau shafin.

"Ka rubuta?"

"Na rubuta, Iya. Yana nan kusa da naki, ɗaki da ɗaki."

Ta zuba mini gyaɗa a tafin hannu.

"In sun buɗe mini ido, ka kawo mini rubutun," ta ce. "Ba karantawa zan yi ba. Gani kawai."