Sunan Ɗan Fari

Hantsi ya ɗaga, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, amma rana ta ƙi fitowa, gari ya yi luf. Malam Liti duba-gari ya kafe babur ɗinsa nesa da ƙofar gidan Baffa Hammawa, ya ɗaure hanci da hankici, ya ɗora littafi a kan kujerar babur.

"Na ce ki lissafo mini duk wanda ya taka cikin gidan nan tun ranar da ciwon ya kama shi. Kowa da kowa, kada ki bar ko kaza."

Hajo, matar Baffa, tana tsaye a bakin zaure, ta ja mayafi har goshi. Tsakaninta da shi akwai igiya, an ja ta daga gindin darbejiya zuwa kusurwar katangar Gwadabe. Shi ma Gwadabe igiyar ta haɗa da gidansa, don shi ne maƙwabcin da ya ciccibi tsohon daga bakin rijiya shekaranjiya, ya kai shi ɗaki. A daminar nan cutar amai da gudawa ta shigo Karaye, hukuma kuwa ta ce duk gidan da ta faɗa, ba shiga ba fita har kwana biyar, kuma za a bi duk wanda ya shiga gidan a duba shi tun ciwon bai kayar da shi ba.

Hajo ta fara faɗa a hankali. Ta faɗi liman, ta faɗi mata biyu da suka zo dubiya, ta faɗi mai tallar goro. Da ta ce Alhaji Ɗanmaliki mai sayen hatsi, Gwadabe ya lura biro bai motsa ba. Ta faɗi Gwadabe. Sai ta tsaya nan, tana kallon yatsun ƙafarta.

"Shi ke nan?"

Ta ƙara jan mayafi.

"Ranka ya daɗe, akwai saura," in ji Gwadabe. "Akwai ɗansu da ya..."

"Kai aka tambaya? Kai da kanka suna ne a cikin littafin nan. Matsa baya, kada ka hura mini iska."

Ya rufe littafi, ya ba da ƙullin gishiri da sukari a miƙa musu da sanda, ya ce rumfar asibiti ta cika, in wuri ya samu za a zo a ɗauki tsohon. Ya buga babur ya tafi, taɓo na fantsama.

Wanda Hajo ta tsallake shi ne Abdulsalami, ɗansu na fari, mai kiwo a wata ruga kusa da Falgore. Ranar da ciwon ya fara shi ya zo a kan keke, shi ya yi ta tallabar uban, shi ya wanke tsummokara da hannunsa. Da gari ya waye ya koma, don shanu ba kowa, ga mata da yara biyu ƙanana. In da akwai wanda ya fi kowa cancantar a bi sawunsa, to shi ne.

Gwadabe ya shiga ɗaki. Baffa yana kwance a kan tabarma, idanu sun faɗa, fatar hannu in an tsunkula ba ta komawa. Mutumin da ya shekara ashirin a nan Unguwar Hajji yana yi wa mutane ɗorin akuya da tunkiya bai taɓa cewa a ba shi komai ba, yau ko cokali ba ya iya riƙewa. Gwadabe ya dama ruwan gishiri da sukari, yana ɗiga masa.

"An aika Falgore?" in ji tsohon, murya kamar daga cikin tulu.

"Za a aika, Baffa."

Da ya fito ya tarar da Hajo a madafa, ba wuta, tana zaune kawai.

"Inna, don Allah me ya hana ki faɗa?"

Ta ɗago ta dube shi. "Gwadabe, tun da kake ka taɓa jin na faɗa?"

Bai taɓa ji ba kuwa. Shekara talatin da ɗaya da haihuwar Abdulsalami, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗan fari ne, kunyarsa ake ji. In ta kama dole sai ta ce "wancan". Matarsa "matar wancan" ce. Akwai wani tela a kasuwa mai suna irin nasa, Hajo ta gwammace ta kai ɗinki wani wuri da ta kira shi. Haka ta taso ta ga uwarta na yi, haka kakarta. Babu wanda ya taɓa cewa laifi ne, yabon ta ma ake yi.

Da azahar Gwadabe ya fito bakin igiya. Mai unguwa ya ajiye Ɗantala gadi, wani dattijo mai fama da ciwon gwiwa, yana zaune a kan turmi da gora a hannu.

"Ɗantala, ka taimaka ka sami mai zuwa Rogo ya ratsa Falgore. A gaya wa Abdulsalami ya je a duba shi, kuma ubansa na nemansa."

"Ni gadi aka ce in yi, ba a ce in yi aike ba. Kuma wa zai karɓi saƙo daga gidan nan? Ka ga yadda suke ratsewa."

Gaskiya ne. Mutane na zuwa daidai darbejiyar sai su ratsa ta cikin gonar gyaɗa, har sun fitar da sabuwar hanya. Gwadabe ya kira mutum uku da sunansu, waɗanda suke cin tuwo faranti ɗaya, kowa ya ɗaga hannu daga nesa ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ƙara sauri. Ana haka sai ga Alhaji Ɗanmaliki a kan babur, ya nufi kasuwa, babbar riga na kaɗawa.

"Ka gani ko?" Gwadabe ya ɗaga murya. "Wancan fa a gefen tabarmar ya zauna, har musabaha suka yi! Shi cutar tana jin nauyinsa ne?"

"Rage murya, ɗan nan. Ni ban ga kowa ba, idona ba kyau."

"Sai in na ɗaga ƙafa idonka zai warke."

"To ai kai ba ka da babur," in ji Ɗantala, ya gyara zama.

Gwadabe ya dubi igiyar. Ko ƙugunsa ba ta kai ba. Ya dubi hannayensa, ya tuna abin da suka taɓa tun safe, ya tuna rijiyoyin da zai tsaya ya sha ruwa kafin Falgore, da matarsa Mairama da ke wankan jego a Yammedi. Ya koma ciki, ransa na tafasa.

Washegari Malam Liti ya dawo tare da mai feshin magani. Gwadabe bai jira sallama ba.

"Ranka ya daɗe, Abdulsalami Hammawa, rugar da ke gabas da Falgore. Shi ya yi jinyar farko. Rubuta."

"Kai ne mai gidan?"

"Ni maƙwabci ne."

"Takarda ta ce daga bakin mai gida ko matarsa. In na bi ta maƙwabta, kowa sai ya sa a killace wanda yake jin haushi. Ina matar?"

"Ɗan farinta ne, ba ta iya faɗa. Kai ma fa ɗan ƙasar nan ne, ka san wannan."

"Na sani a gida. Nan aiki nake yi."

Hajo ta fito. Ta tsaya, ta buɗe baki ta rufe. Ga maza sun taru daga nesa suna kallo. Malam Liti ya dubi agogo, ya ce gida goma sha huɗu ke jiransa, ba zai wuni yana lallashin tsohuwa ba. Man babur ɗin ma, in ji shi, ba a ba shi don yawon ruga ba.

Baffa Hammawa ya cika a ranar, bayan la'asar kaɗan. Kafin nan ya tambaya sau biyu ko an ji ƙarar keke. Na ukun bai tambaya ba, ya dai juya fuska wajen ƙofa. Gwadabe ne ya yi masa kalmar shahada, shi ya shafe masa ido. Da ya fito ya faɗa wa Ɗantala, dattijon ya cire hula ya yi salati, amma ba wanda ya shigo. Gidan da aka yi rasuwa, ba kuka, ba tabarma a ƙofa, sai kaji na tono a tsakar gida.

Da safe Malam Liti ya zo da mutum huɗu masu safar hannu ta roba. Suka ce ba wanka, suka feshe gawar da magani mai warin gaske, suka naɗe. Makara ta ƙi juyawa a zaure, maimakon su karkata ta sai suka tattake dangar karan da ke gefen titi suka fita ta nan. Liman ya yi salla daga can nesa da mutum shida a bayansa. Gwadabe ya bi sallar daga cikin igiya, shi kaɗai a sahunsa.

Malam Liti na shirin hawa babur sai aka ji muryar Hajo.

"Malam."

Ta fito har bakin igiya, ba takalmi. Ta faɗi wani abu ƙasa-ƙasa.

"Me? Ɗaga murya, ba na ji daga nan."

"To ka matso mana!" in ji Gwadabe. "Taku biyu ne!"

Bai matso ba. Hajo ta runtse ido, ta kama igiyar da hannu biyu.

"Abdulsalami!"

Sunan ya fita da ƙarfi har ya kai gonar gyaɗa. Waɗanda suka dawo daga salla suka sunkuyar da kai. Ɗantala ya juya baya kamar wanda ya ga tsiraici. Malam Liti ya buɗe littafi.

"Abdul... salami. Meye haɗinku?"

"Ni na haife shi."

"To da kin faɗa tun shekaranjiya ai da an wuce wurin. Ku mutanen nan, sai ku yi ta wahalar da ma'aikata."

Gwadabe bai san lokacin da ya ɗauki hogen ƙasa ba. Ya riƙe shi har ya marmashe a hannunsa, bai jefa ba. Hajo ta koma ciki tana dafa bango.

Ranar da kwana biyar suka cika, Ɗantala ne ya kawo labari, yana kwance igiya yana magana, bai yarda sun haɗa ido ba. An je rugar. An tarar da Abdulsalami kwance ba ya gane mutane, aka ɗauko shi a amalanke zuwa Rogo, an sa masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo, jiya har ya sha kunu. Matar da babban yaron lafiya lau. Ƙaramar ce, Jamilatu, mai shekara uku. Ita an binne ta da safiyar ranar da aka je.

"Da safiyar ranar?"

"Haka aka ce."

"Ran Talata na fara faɗa wa Malam Liti, ya ce ba ni aka tambaya ba. Ran Laraba na ba shi suna har da inda rugar take. Kana wurin, Ɗantala."

"Ina wurin."

"Yanzu me zai rubuta? Uwa ta ɓoye?"

Ɗantala ya ci gaba da naɗe igiya a gwiwar hannu. "An ce haka ya faɗa a ofis."

Ba sai an shiga an gaya wa Hajo ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin kayan takaba, kuma tun da aka tattake dangar duk abin da aka faɗa a titi a kunnenta yake. Duk mai wucewa ma yana ganinta. Yanzu da aka cire igiya mutane sun dawo bin hanya, wasu na rage tafiya su leƙa, su ga matar da ta kira sunan ɗan farinta a gaban maza. Ba ta ɗaga kai ba, carbi na hannunta amma ba ya tafiya.

Gonar Gwadabe ta kwana biyar ba a shiga ba, ciyawa ta kusa shanye dawa. Ya fito da fartanya a kafaɗa, ya kai bakin darbejiya, ya tsaya. Ya jingine ta, ya zagaya bayan gidansa ya kwaso ragowar karan bara da ya ajiye don rumfa, ya haɗo da igiyar rama. Ya durƙusa ta gefen titi ya kafa dirka, ya shiga jera kara ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa. Yayyafi ya fara. Ta tsakanin karan yana hango Hajo, tun yana ganinta duka, ya koma ganin mayafi, har ya ɗaure na ƙarshe. Ya girgiza dangar ya ji ta tsaya, ya karkaɗe gwiwa, ya ɗauki fartanyarsa.