Baƙar Kyanwar Ba Ajimi

"Mama, mene ne yake motsi cikin kwando?" in ji sojan da ke tsaron shinge a bakin gadar Gwange.

Ya Gumsu ta riga ta sauko daga keke napep kamar yadda doka ta ce, hannu ɗaya a sama, ɗaya riƙe da kwando. Mijinta Ba Ajimi na gefe ya ɗage riga har ƙirji, yana nuna wa duniya tumbin da babu komai a cikinsa sai tuwon biskin safe. A Maiduguri ta wancan lokacin, kwando mai motsi ba abin wasa ba ne.

"Kyanwa ce, ɗana. Ba ta da lafiya."

Sojan ya ja da baya, ya sa ta buɗe da kanta. Kyanwar, Gawayi, ta ɗago kai da ƙyar, baƙa wuluk, ta dube shi, ta mayar.

"Ba wani ciwo ba ne," in ji Ba Ajimi, rigar har yanzu a sama. "Baƙar kyanwa ba ta ciwon ƙoda. So nake likita ya faɗa wa matar nan da bakinsa."

Sojan ya yi musu alamar wucewa, kamar mai korar ƙuda.

Har yanzu Ya Gumsu a tsorace take, kuma ba bindiga ce ta tsorata ta ba. Tsoronta yana cikin kwandon. Gawayi ba baƙa ba ce. Fara ce fat, kamar auduga.

Ba Ajimi ya taɓa kiwon fararen kyanwoyi biyu, duka suka rame, suka yi ta shan ruwa da amai har suka mutu, a shekarar da unguwa take kwana a ƙarƙashin gado. Shi ya binne su da hannunsa, a lokacin da jana'izar mutane ta riga ta cinye masa zuciya. Daga nan ya gano ilmin da babu a littafi, wai farar kyanwa ƙodarta ba ta da ƙwari, ya kuma rantse da Allah fara ba za ta ƙara zama a gidansa ba. Ya daina zuwa majalisa, ya daina tsokana. Sai wata safiya 'yar farar kyanwa ta diro ta katanga daga gidan maƙwabtan da suka gudu. Ya Gumsu kuwa sana'arta zanen lalle ga amare, kuma tana da baƙin rinin kanti da take haɗawa don zane ya fito. Kafin azahar kyanwa ta zama Gawayi, kafin mako dattijo ya dawo da dariyarsa. Tun daga nan, duk Jumma'a idan ya tafi masallaci, amarya ɗaya ce take jiran rinin Ya Gumsu a bayan ɗaki: Gawayi.

Likitan dabbobin, Dokta Pindar, ya saba da raguna da kajin gona, don haka ya karɓi kyanwar da marmari. Ya matsa cikinta, ya shinshina bakinta, ya ja fatar wuyanta ya ga ta ƙi komawa.

"Tana shan ruwa da yawa? Fitsari fa?"

"Kamar famfo," in ji Ya Gumsu.

"Baba, alamun ƙoda ne. Za mu gwada jini, amma sai an ƙara mata ruwa yanzu."

Ba Ajimi ya gyara zaman hula. "Likita, ka duba launinta da kyau. Ƙoda ta farare ce."

"Launi ba ya kawo ciwon ƙoda, Baba. Tsufa yana kawowa, guba tana kawowa, wani iri ma gado ne. Amma ƙoda ba ta san kalar gashi ba."

"A makarantarku ke nan. Ni binnewa na yi, ba karantawa ba."

Dokta Pindar bai ja ba. Ya jiƙa auduga da magani, ya goge ƙafar gaba don neman jijiya. Audugar ta fito baƙa. Ya ɗauki wata ya sake gogewa, ita ma haka. Sai ya buɗa gashin da yatsu biyu, ga gindinsa fari tas. Ya dubi dattijon, ya dubi yatsun dattijuwar da rini ya kama har farce, ya rasa wanda zai fara yi wa magana. Ya Gumsu ta ja lafayarta ta rufe rabin fuska, ta ji da ma ƙasa ta tsage.

"Mama, rinin zanen amare ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Kyanwa da harshe take wanka. Duk abin da aka shafa mata, cikinta yake tafiya. Wannan rinin kuwa yana iya taɓa ƙodar mutum ma, balle ita."

Nan hawaye ya zubo mata. Ita da ta yi don kyanwar ta samu gida, mijinta ya samu abin dariya, ashe kowace Jumma'a guba take ba ta da hannunta.

Ba Ajimi ya sunkuya, ya daɗe yana kallon farin gashin. Da ya ɗago, fuskarsa cike take da nasara.

"To, likita, ka gani? Fara ce. Me na faɗa maka?"

"Baba, ba farin ba ne, rinin ne."

"Fara ce ko ba fara ba?"

"Fara ce."

"Shi ke nan."

Aka sa wa Gawayi ruwa. Likita ya ce ba zai yi alkawari ba, ƙodar da ta taɓu ba ta dawowa sabuwa, amma in an daina rini, an daina ba ta kifi mai gishiri, an kawo ta ana dubawa, tana iya daɗewa a raye.

Suka kama hanyar komawa. A shinge Ba Ajimi ya ɗage riga, ya sauke, ko tsokanar soja bai yi ba. Ya Gumsu tana ta lissafin wa za ta roƙa ya riƙe mata kyanwa mai ciwo a garin da mutane ma suke neman wurin kwana, domin ta san mijinta. Yana iya yafe ƙarya, amma rantsuwa ba ya wasa da ita.

A ƙofar gida ta tsaya da kwandon a hannu, ba ta taka zauren ba.

"Malam, ka rantse."

"Na sani. Ni na yi ta."

Ya karɓi kwandon, ya leƙa ciki. Gawayi ta lashi ɗan yatsansa, ƙafarta ɗaya fara kamar ta sa safa. Ba Ajimi, wanda ko azumin Ramadan sai ya yi ta tambayar ƙarfe nawa, ya yi ajiyar zuciya, ya sa kai cikin zaure da kwandon a ƙirji.

"Ciyar da miskinai ya fi ƙarfina bana, kaffarar sai dai azumi," ya ce, bai waiwayo ba. "Ki zubar da rinin nan. Gobe kuma ki tashe ni sahur."