Hannun Jari a Turken Awakin Dela

Da Malam Saifuddeen ya yi ritaya daga sakatariyar Bagudo, sai ya zuba garatutinsa a hannun jarin wani kamfanin casar shinkafa. Burinsa bai wuce kuɗin su ɗan tasa ya sayi injin ban ruwa kafin noman rani ba.

Ana haka aka ce kamfanin zai shigar da reshensa na taki kasuwar hannun jari. Chukwuemeka mai kemis, wanda ya koya masa saye ta waya, ya rantse farashin uwar kamfanin zai yi sama. Ai kuwa sai ya yi ƙasa, kwana tara a jere. Malam ya rame a tsaye, ko tuwo ba ya iya gamawa. Ya yanke shawarar sayarwa kafin kuɗin injin su narke gaba ɗaya.

Ranar kasuwar Lolo ya hau babur ya je gun yayarsa Dela, mai fataucin awaki daga ƙauyukan Jamhuriyar Benin. Ba shawara ya je nema ba, ina Dela ina boko? Kuka kawai ya kai. Tana duba haƙoran wata akuya ya zayyana mata komai, har da abin da ba ta tambaya ba.

Ta tambaye shi ko kamfanin ya daina casa. Ya ce a'a, ga motocinsa can ma suna lodin shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a bakin kasuwa. Ta tambayi su wa za su sayi sabon hannun jarin. Ya ce galibi masu riƙe da tsohon ne.

"To ina za su samo kuɗɗin, in ba su saida na hannunsu ba?" in ji ta. "Gab da damana kowa na jawo akuyatai kasuwa don shi sai taki. Sai farashi shi hwaɗi, kuma akuyar lahiya lau take. Lokacin nan ni ka saye, Malam."

Kunya da sha'awa suka rufe shi. Shekara talatin yana juya fayil, wannan lissafin bai taɓa zo masa ba. Bai gama mamaki ba ta kwance lalitarta, ta damƙa masa cinikin ranar, ta ce ya sayo mata nata hannun jarin uwar kamfanin yau ɗin nan. Ya tuna mata ana iya yin asara. Ta ce ta sani, awaki ma suna mutuwa.

Bai sayar ba. Farashin ya ƙara zamewa mako biyu, Malam yana ta zufa, Dela ko a jikinta. Sai a mako na bakwai farashin ya farfaɗo, lokacin maƙwabtansa sun riga sun yi dashe. Ya sayar da hannun jarinsa ya sayi injin a makare, ya ɗaura a babur har fadama. Gonarsa na jira a bushe, amma a gonar Dela ya fara kafa tiyo.