Kiɗan da Ya Ja Ƙafa

Tun da ɓarin jikin Yaya ya shanye, gidan ya koma gidan ƙarya. Matarsa ta ce ya yi ƙiba, 'yan dubiya su ce ai ya ma warke, abokan aikinsa na gareji su rantse wai motoci na nan jibge suna jiran hannunsa. Yaya yana ji yana kallon silin. Da mutum ɗaya yake sakin baki ya yi hira, ƙaninsa Auta mai gyaran waya, don shi kaɗai ya taɓa dubansa ya ce wallahi ya rame, kuma hannun nan da saura.

Likita ta ce yatsun dama suna son motsi. Aka kawo ƙwallon roba, Yaya ya tura ta ƙarƙashin gado, ya ce shi ba jariri ba ne. Sai Auta ya tuna wasan da suka tashi da shi, na ɗan dako mai tsallake ramuka da kaya a ka, wanda Yaya ya gagari duk layinsu a kansa. Tsohuwar na'urar wasan ta daɗe da mutuwa, amma a shagon Auta akwai wata 'yar ta hannu da ake sa wa manhaja mai kwaikwayon na'urorin da.

Ya zauna mata a teburinsa, tsakanin fasassun wayoyin mutane da ƙarfen narka darma. Ya goge katin ajiya, ya zuba manhajar, ya nemo wasan. Hoto ya fito a miƙe kamar an ja shi ta kunne, ya daidaita. Madannai suka watse, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na tsalle ya zauna ƙarƙashin babban yatsa. Da a nan ya tsaya, da ya huta. Amma cikin saiti ya ci karo da wurin rage gudun wasan, ya tuna yadda kofi ke rawa a hannun Yaya, zuciya kuwa ba ta da ƙashi. Ya rage kaɗan, daidai abin da ido ba zai kama ba. Duk gwajin nan da murya a kashe ya yi shi, don shagon a bakin titi yake, ko an kunna ba a ji.

Yaya ya karɓa yana yatsina, wai tsofai-tsofai da shi. Ya tsallake ramin farko, ya tsallake na biyu. A na uku ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji ba a ɗakin, har matarsa ta leƙo da ludayi a hannu. Daɗi ya cika Auta. Nan Yaya ya ce a ƙaro masa murya.

Kiɗan ya tashi. Yaya ya saurara, yatsansa ya tsaya cak. Mutum ne da ke gane ciwon inji tun mota na bakin ƙofar gareji, kuma kiɗan nan da shi ya girma.

"Wannan kiɗan yana jan ƙafa," ya ce.

Auta ya ce ƙila caji ne ya yi ƙasa. Tun maganar ba ta gama fita ba ya san ya ƙara wa miki gishiri.

"Mayar da shi yadda yake."

Ya mayar. Ɗan dako ya zo ramin farko ya faɗa. Ya sake, ya faɗa. Yaya ya cije leɓe, gumi na bin goshinsa, yatsan na isa madanni bayan an gama faɗuwa. Can ya miƙo na'urar da hannun hagu, ya ce an gode, Allah ya bar zumunci, ya juya fuska ga bango.

Washegari Auta ya dawo da ban haƙuri cike da bakinsa. Ya tarar da Yaya a zaune, ya tambaye shi jiki.

"Alhamdulillahi, da sauƙi sosai," Yaya ya ce yana murmushi. Ya ɗaga murya ya ce wa matarsa ta kawo kujera da ruwa, an yi baƙo.